Baƙin hayaƙin ƙasan teku: yadda ma'adinan salfaid ke taruwa, da abin da ya hana a haƙo su

Tambaya: Malam, na ga hotunan wasu bututun dutse a can ƙasan teku suna fitar da baƙin hayaƙi, an ce jan ƙarfe da zinariyar da ke wurin sun fi na mahaƙan tudu. Ta yaya suke taruwa? In maganar gaskiya ce, me ya sa har yau ba a haƙa? Ko akwai irinsu a tekun Najeriya?

Amsa: Rabin abin da aka gaya maka gaskiya ne. In ka ɗebo tan ɗaya na dutsen daga wuri mai kyau, jan ƙarfen da ke cikinsa zai iya ninka na manyan mahaƙan Chile kusan sau goma. Amma mai haƙar ma'adini ba da tan ɗaya yake lissafi ba. Abin da yake tambaya shi ne tan nawa ne a wurin baki ɗaya, kuma nawa zai kashe kafin su iso gaɓa. A nan gizo ke saƙar. Ba kuwa za ka gane dalilin da ya sa tarin ba ya girma ba sai ka san yadda yake samuwa tun farko.

Akwai jerin tsaunuka da ya ratsa tekunan duniya ta ƙarƙashin ruwa, tsawonsa ya haura kilomita 60,000. A nan ne manyan faranten ɓawon ƙasa ke rabuwa da juna, narkakken dutse mai zafin digiri 1,200 a ma'aunin Salsiyos ya taso ya cike gurbin. Sabon dutsen na hucewa yana tsattsagewa, ruwan teku kuma yana bin tsagar yana gangarawa kilomita ɗaya, biyu, wani wurin fiye. Ruwan da ya shiga mai sanyi ne, wajen digiri 2, akwai iskar oksijin a cikinsa, da salfet, da magniziyam, kuma ba shi da tsami, ma'aunin pH ɗinsa na kusa da 8. Wanda zai fito daga baya ba ya kama da shi ko kaɗan.

Da zafi ya wuce digiri 150, kalsiyam da salfet sai su haɗu su daskare a cikin tsagar, su zama wani farin ma'adini da ake kira anhaidarait. Halinsa baya-baya ne: ruwa na ƙara zafi yana ƙin narkewa, kamar farin ɓawon da ke maƙalewa a gindin butar shayi in da ruwan rijiya ake dafawa. Ka riƙe wannan ma'adini a ranka, don shi ne mai gini kuma shi ne mai rushewa. A lokaci guda magniziyam yana shigewa cikin laka-lakar da ke samuwa a jikin dutsen, wannan shigewa kuwa ita ce ke sa ruwan ya yi tsami, pH ya sauko zuwa 3 ko 4. Oksijin kuma ƙarfen dutsen ya shanye shi. Kafin ruwan ya isa saman ɗakin narkakken dutse, inda zafi ke kai digiri 400, ya zama ruwa mai zafi, mai tsami, mai gishiri, marar oksijin. Irin wannan ruwa shi ke lasar baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, tutiya, dalma, da ɗan abin da ba a rasa ba na azurfa da zinariya daga jikin dutse. Kuloraid ɗin gishirin teku ne ke rungume ƙarafan ya hana su zubewa a hanya. Farar wuta ma tana shiga ruwan, a siffar iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Za ka ce ruwa mai digiri 350 ai tururi ne. A'a, nauyin ruwan da ke sama ya hana shi tafasa. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar duniya ɗaya, saboda haka a zurfin mita 2,500 matsin ya ninka na doron ƙasa kusan sau 250. Ruwan ya zama mara nauyi saboda zafi, sai ya taso da gudu, ya fito da saurin mita ɗaya ko biyu a daƙiƙa, ya ci karo da ruwa mai digiri 2. Nan take ƙarafan su saki kuloraid su kama farar wuta, su zama ƙananan ƙwayoyin salfaid baƙi ƙirin. Abin da ka gani a hoto ke nan. Ba hayaƙi ba ne, garin ma'adini ne ke tashi a cikin ruwa. A 1977 jirgin nutso mai suna Alvin ya fara ganin maɓuɓɓugai masu ɗumi kusa da tsibiran Galapagos, a 1979 kuma aka ga masu baƙin hayaƙin a gabashin Tekun Fasifik, daura da gaɓar Meziko.

Shi bututun da anhaidarait yake farawa. Ruwan tekun da ke kewaye da bakin maɓuɓɓugar ya yi zafi, ya zubar da anhaidarait, ya yi zobe. Zoben yana tsawo da sauri, an auna wanda ya yi santimita 30 a yini guda. Da bangon ya yi kauri sai ya raba ruwan ciki da na waje, cikin ya riƙe zafinsa, daga nan ma'adinai su jera kansu gwargwadon zafin da kowanne ke so. Can ciki, inda zafi ya haura digiri 300, kalkofairait ne ke shafe bangon, ma'adinin jan ƙarfe mai ƙyallin rawaya. Daga wajensa fairait, wanda mahaƙa ke yi wa kallon zinariya su sha kunya, sai isfalarait mai ɗauke da tutiya. A ɓangaren da ya fi sanyi ake samun galina, dutsen dalmar nan da ake niƙawa a yi tozali, tare da azurfa da galibin zinariyar. Inda ruwan ya ɗan huce tun a ƙarƙashi, ya bar jan ƙarfensa a can, hayaƙin da ke fitowa fari ne, tutiya da silika ko barait suka fi yawa a ciki.

Bututu ba ya daɗewa. Wani da aka yi wa laƙabi da Godzilla a yammacin gaɓar Kanada ya kai mita 45 kafin ya faɗi a shekarun 1990. Maɓuɓɓuga na raguwa, zafi ya sauka ƙasa da digiri 150, anhaidarait ya fara narkewa, ginin ya zube. Sabon bututu ya tsiro a kan ɓaraguzan tsohon, haka dai har tudu ya samu. Aikin da ya fi muhimmanci a cikin tudun yake faruwa, ba a samansa ba. Ruwan zafi yana ratsa ɓaraguzan, yana sake narkar da tutiya da dalma da zinariya yana tura su waje zuwa fatar tudun, yana barin fairait da ɗan jan ƙarfe a tsakiya. Tsawon dubban shekaru wannan tacewa kan mayar da cikin tudu kusan fairait zalla, wanda ba shi da daraja a kasuwa, alhali fatarsa tana ƙyalli.

Ga kuma asara babba. Mafi yawan ƙarfen ba ya zama a wurin sam, hayaƙin ne ke tafiya da shi. Binciken da aka yi a yankin Endeavour na tsaunin Juan de Fuca, can yammacin gaɓar Kanada, ya nuna kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai ke taruwa, sauran ya tashi mita ɗari-ɗari sama, igiyar ruwa ta watsa shi. Saboda haka ba yawan hayaƙi ne ke nuna arziki ba. Abin nema shi ne wurin da wani abu ya tare ruwan ya hana shi fita a banza, kuma wutar ta daɗe tana ci a wuri ɗaya.

Wannan ya sa tsaunukan da ke buɗewa da sauri ba su da wani abin kirki. A gabashin Fasifik faranten suna rabuwa fiye da santimita 10 a shekara, maɓuɓɓugai birjik, amma dutse mai aman wuta yana binne su kafin su girma. Wurin da masana suka fi sa wa ido a can ya yi aman wuta a 1991, ya sake a ƙarshen 2005 zuwa 2006, kowane karo ya shafe abin da ya taru. A tsakiyar Atilantika kuwa, inda buɗewar ba ta wuce santimita 2 zuwa 3 a shekara ba, manyan tsagogi masu zurfi suna riƙe hanyar ruwa ɗaya shekaru dubbai, tarin ya samu sukunin girma. Inda laka mai kauri ta lulluɓe tsaunin, kamar Middle Valley a tsaunin Juan de Fuca, lakar ta zama murfi, shi ya sa aka samu tari mai kusan tan miliyan 9 a can. Mafi tsadar dutse kuma a yammacin Fasifik yake, a kwaruruwan da ke bayan tsibiran aman wuta irin su Manus da Lau da Okinawa, inda narkakken dutsen da kansa ke ƙara wa ruwan ƙarfe da tsami. Zinariya da azurfa sun fi yawa a can, sai dai tare suke zuwa da asanik da antimoni da zaiba, waɗanda matatun narka ƙarfe ke cin tarar mai sayarwa a kansu. Zurfi ma yana da tasa rawar. In bai kai wajen mita 1,600 ba, ruwa mai digiri 350 yana tafasa kafin ya fito, ya huce, ya zubar da jan ƙarfensa a warwatse cikin tsagogin ƙarƙashi.

Yanzu ga lissafi. Tudun da aka fi sani ciki da waje shi ne TAG a tsakiyar Atilantika, a zurfin kimanin mita 3,650. An gano baƙin hayaƙinsa a 1985. Faɗinsa mita 200, tsayinsa mita 50, kuma ya yi wajen shekara 50,000 yana ci yana mutuwa. A 1994 jirgin haƙa JOIDES Resolution ya huda shi har zurfin mita 125. Aka ƙiyasta tan miliyan 3.9 gaba ɗaya: tan miliyan 2.7 na salfaid mai jan ƙarfe wajen kashi 2 cikin ɗari, da tan miliyan 1.2 na jijiyoyin ƙarƙashi mai wajen kashi 1. Wato duk jan ƙarfen da ke cikin wannan shahararren tudu 'yan dubban tan goma-goma ne. Mahaƙar Escondida a Chile ita kaɗai tana fitar da kusan tan miliyan ɗaya a shekara, daga dutsen da jan ƙarfensa yake kusa da kashi 1 cikin ɗari. TAG ɗin ma yana cikin manya. A 2011 masanin ma'adinai Mark Hannington da abokan aikinsa sun yi ƙiyasin duk abin da ke kan sababbin tsaunukan aman wuta na tekunan duniya, suka samu kimanin tan miliyan 600 na salfaid, mai ɗauke da tan miliyan 30 na jan ƙarfe da tutiya a haɗe. Matsakaicin tari a lissafinsu tan 70,000 ne. Mahaƙan tudu na fitar da jan ƙarfe sama da tan miliyan 20 da tutiya wajen tan miliyan 12 duk shekara. Ka ga ke nan abin da shekara guda ke ci. A yi adalci, ƙiyasin bai haɗa da tsofaffin tarin da suka yi nisa da tsaunin suka nutse cikin laka ba, kuma masu goyon bayan haƙa a kansu suke kafa hujja. Suna iya yin daidai, amma tarin da ba a gani ba ba a kai shi banki.

Dalilin da ya sa alƙaluman da ke yawo suke da ban sha'awa shi ne yadda ake ɗebo samfur. Mutum-mutumin da ake sarrafawa daga jirgi yana da hannu, abin da hannun ke iya karyowa kuwa shi ne bututu da fatar tudu, daidai inda ƙarafa masu daraja suka fi taruwa. A kai ɗakin gwaji a ga kashi 10, kashi 20, a buga a jarida. Duk wanda ya nuna maka lamba, tambaye shi: daga sama aka tsinto ko daga rami aka ciro? Ramuka nawa, tazarar mita nawa tsakaninsu, kuma kashi nawa na dutsen ramin ya fito? Tambayar ƙarshe ita ce mai wuya. A TAG abin da aka samu ya fito bai wuce kashi 12 cikin ɗari na tsawon da aka huda ba, domin tudun ɓaraguzai ne, bakin injin na shiga ramin na ruftawa, kuma ma'adinai masu taushi ruwan haƙa na wanke su. Abin da ya tsira ya iso sama ba lalle ne ya wakilci abin da ke ƙasa ba.

Neman wurin kansa mataki-mataki ne, daga nesa zuwa kusa. Jirgi ya fara zana taswirar ƙasan teku da amon sauti, amma daga zurfin mita 3,000 kowane ɗigo a taswirar yana wakiltar mita 50 ko fiye, tudu guda zai iya ɓacewa a ciki. Sai a saukar da na'ura a kan waya ana ja ana ɗagawa ana saukewa, tana auna gurɓacewar ruwa da ɗan canjin zafi da ƙarancin oksijin, ana kuma ɗebo ruwa a gwada manganis da iskar mitan da hiliyam. Hayaƙin yakan tashi mita 100 zuwa 400 kafin ya bazu a kwance. Manganis da hiliyam suna tafiya nesa, an bi sawun hiliyam na gabashin Fasifik har kilomita 2,000, ita kuwa alamar ƙarancin oksijin ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu, don haka in ta motsa an kusa. Daga nan a saki jirgin nutso marar matuƙi ya bi mita 50 zuwa 100 daga ƙasa, ya kawo taswira mai nuna abu mai faɗin mita ɗaya. Matsalar wannan hanya a fili take: mai rai kawai take kamawa. Tudun da ya mutu, wanda shi ne ya gama girma kuma shi ya fi dacewa da haƙa, ba ya hayaƙi. Sai a koma ga maganaɗisu, domin ruwan zafi yana lalata ma'adinin maganaɗisun da ke cikin dutsen basal ya bar tabo mai rauni, da kuma na'urorin lantarki, tunda salfaid yana ɗaukar wuta fiye da dutsen da ke kewaye. A ƙarshe dole a huda, da injinan da ake ajiyewa a ƙasan teku irin RD2 na Ingila ko MeBo na Jamus, waɗanda ke kai mita 50 zuwa 80. Duk wannan a kan jirgin da kuɗin yininsa dubban daloli goma-goma ne.

Wanda ya fi kowa kusantar haƙa shi ne kamfanin Nautilus Minerals na Kanada, a wurin da ya kira Solwara 1, cikin Tekun Bismarck na Papuwa Niyu Gini, zurfin mita 1,600, wajen kilomita 30 daga gaɓa. Ya samu lasisin haƙa a 2011. Dutsen kam ba a magana: tan miliyan ɗaya da 'yan kai da aka auna sosai, mai jan ƙarfe kashi 7.2 da zinariya giram 5 a kowane tan, da wani tan miliyan ɗaya da rabi na hasashe mai kashi 8.1 da giram 6.4. An ƙera injina uku a Ingila. Na farko mai dogon hannu zai share bututu ya daidaita ƙasa ya yi dandamali, tunda wurin tudu da gangare ne. Na biyu, mai nauyin tan 310, yana da ganga mai haƙora da za ta riƙa niƙa dutsen. Na uku zai tsotse niƙaƙƙen ya tura wa famfon da ke rataye a ƙarshen bututun ƙarfe, famfon ya hau da shi jirgi a matsayin ruwa-ruwa. A jirgi a tace, a mayar da ruwan ta wani bututu zuwa kusa da ƙasan teku, dutsen kuma a loda wa wani jirgin zuwa Sin.

Kowace gaɓa a wannan tsari tana da inda take ciwo. Dutse a ƙarƙashin matsi mai yawa ba ya farfashewa ɓaro-ɓaro kamar a tudu, murjewa yake yi, saboda haka injin na shan wuta fiye da lissafi, haƙora na cinyewa, gari kuma na yawa. Garin nan shi ke tashi ya toshe ganin kyamara, mai tuƙi a jirgi ya koma dogaro da amon sauti. Dole a riƙe girman ƙwayar dutse ƙasa da santimita 5, a kuma riƙe gudun ruwan bututu sama da saurin nutsewar dutsen, wanda ya ninka ruwa nauyi kusan sau huɗu. In famfo ya tsaya bagatatan, duk abin da ke cikin bututu mai tsawon kilomita ɗaya da rabi zai zubo ya cushe gindinsa. In teku ya yi fushi dole a katse a jira. Dutsen da ya hau jirgi ma bai gama ba da wahala ba, don salfaid mai laima in ya sha iska yana tsatsa, yana fitar da ruwa mai tsami, yana iya ɗaukar zafi da kansa a cikin rumbun jirgi. Amma ba ɗaya daga cikin waɗannan ne ya kashe aikin ba, tun ba a je nan ba kuɗi ya ƙare. An yi shekara biyu ana taƙaddama da gwamnatin ƙasar a kan kasonta, al'ummomin gaɓa da coci-coci suka yi ta adawa, masana'antar ƙera jirgin a Sin ta soke kwangila a 2018 saboda rashin biya, kamfanin ya durƙushe a 2019 bai haƙo komai na sayarwa ba. Gwamnatin da ta sayi kashi 15 ta yi asarar sama da dala miliyan 100. A ganina ko da jirgin ya iso, kwalliya da wuya ta biya kuɗin sabulu. Duk tarin bai fi jan ƙarfe tan 200,000 ba, kuma a yadda aka tsara aikin shekara biyu zuwa uku za ta cinye shi. Lissafin ya dogara ne ga samun Solwara na biyu da na uku da na goma masu kyau irin na farko, alhali ba a huda su yadda ya kamata ba.

Japan ta bi a hankali. A 2017 hukumarta ta ma'adinai da makamashi, JOGMEC, ta gwada ɗago dutse daga zurfin mita 1,600 kusa da Okinawa, ta fito da kimanin tan 16. Gwaji ne ya nuna famfo da bututu na iya aiki, ba kasuwanci ba.

Batun halittu ba ƙarami ba ne, kuma shi ma lissafin fili ne. Duk maɓuɓɓugai masu rai na duniya in an haɗa su an ƙiyasta ba su kai murabba'in kilomita 50 ba. A kansu ƙwayoyin cuta ke cin iskar farar wuta su ciyar da tsutsotsi masu tsawon mita 2, da jatan lande, da dodon koɗi irin waɗanda babu su a ko'ina. Wani dodon koɗi mai sulken ƙarfe a Tekun Indiya ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2019, domin wurare uku kacal aka san shi a lokacin, biyu kuma suna cikin yankunan da aka ba da lasisin bincike. Shi ya sa ko masu son haƙa yanzu maganar matattun tuddai suke yi. Ta fuskar doka, abin da ya wuce iyakar ruwan ƙasashe yana hannun Hukumar Ƙasan Teku ta Duniya mai hedikwata a Kingston ta Jamaika, wadda ɗan Gana Nii Allotey Odunton ya shugabanta daga 2009 zuwa 2016. Tsakanin 2011 da 2018 ta ba Sin, Rasha, Koriya ta Kudu, Faransa, Jamus, Indiya da Polan kwangilar binciken salfaid, kowace ta shekara 15 a kan murabba'in kilomita 10,000. Izinin bincike ne kawai. Har zuwa 2025 ba a kammala dokokin haƙa ba, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne.

Tari mafi girma da aka sani a ƙasan teku ma ba shi da bututu ko ɗaya, kuma ya fi kusa da mu. Yana tsakiyar Bahar Maliya, tsakanin Jidda da gaɓar Sudan, a wani kwari mai zurfin mita 2,000 da ake kira Atlantis II, sunan jirgin da ya bincike shi a tsakiyar shekarun 1960. Ruwan zafin can yana ratsa tsohon gishirin da ke binne, ya fito da gishiri ninki bakwai na teku, ya yi nauyin da ba zai iya tashi ba, sai ya kwanta a kwarin ya zama tafki mai zafin da ya haura digiri 60. Ƙarfen bai da hanyar tserewa, yana zuba ƙasa ya zama laka. An ƙiyasta tan miliyan 90 in an cire ruwa da gishiri, tutiya wajen kashi 2, jan ƙarfe rabin kashi ɗaya, da azurfa kusan giram 40 a tan. Saudiyya da Sudan sun ƙulla yarjejeniya a kansa a 1974, kamfanin Preussag na Jamus ya yi gwajin tsotso a 1979, lakar kuma ta hau. Abin da ya gagara shi ne rabewa: ƙwayoyin sun yi laushi ƙwarai, galibi ba su kai maikiron 2 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), mafi yawan abin da famfo ke ɗagowa ruwan gishiri ne, sannan ga tambayar inda za a zubar da ragowar a tekun da ke cike da murjani. Farashin ƙarafa ya faɗi a shekarun 1980 aka ajiye. An sake ba da lasisi a 2010, har yau ba a fara ba.

Tekun Najeriya kuwa babu irin wannan, kuma ba don rashin nema ba ne. Gaɓarmu ta rabu da Kudancin Amurka fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, wutar ta ƙaura zuwa tsakiyar Atilantika, nesa ƙwarai da mil 200 na ruwan da ƙasa ke da iko da shi. Abin da ke ƙarƙashin ruwanmu lakar Neja ce mai kaurin kilomitoci, arzikinta man fetur da gas. Dalma da tutiyar kwarin Binuwai, daga Abakaliki zuwa Zurak a Wase, salfaid ne, galina da isfalarait ɗin nan dai, amma ruwan gishiri mai matsakaicin zafi ne ya zuba su a tsagogin dutse a ƙarƙashin ƙasa, ba baƙin hayaƙi ba.

In kana son taɓa irin wannan tari da hannunka, a tudu za ka same shi, inda motsin faranten ƙasa ya ɗago tsohon ƙasan teku. Jan ƙarfen Kubrus da na Oman da magabata suka yi ta haƙa shekaru dubbai tuddan baƙin hayaƙi ne na shekara miliyan 90 da suka wuce. Haka Rio Tinto a Sifaniya da Kidd Creek a Kanada, waɗanda suka ninka TAG sau da dama, don mafi yawansu a ƙarƙashin murfin laka ko toka suka samu, kuma a kwaruruwan bayan tsibirai. Ruwan sama yana ƙara musu daraja: yana cinye fairait ɗin sama ya bar jar hula ta tsatsa mai tara zinariya, ya wanke jan ƙarfe ya tara shi a ƙarƙashinta. Zinariyar Hassai a duwatsun gabashin Sudan daga irin wannan hula aka haƙo ta. A Bisha ta Eritiriya an bi hawa ukun a jere, zinariya daga 2011, jan ƙarfe daga 2013, tutiya daga 2016. A Afirka ta Yamma misalin shi ne Perkoa a Burkina Faso, mahaƙar tutiya da ta tsaya a 2022 bayan ambaliya ta kashe ma'aikata takwas a cikin rami. Duwatsun da ke ɗauke da ita, masu shekara wajen biliyan 2.1, su ne suka miƙe zuwa Gana da yankin Liptako a yammacin Nijar. Mai neman irinta a can jar hular yake fara nema, sannan ya bi da na'urar lantarki da ta auna nauyin ƙasa, domin tsatsar marmara ma ja ce, sai dai babu abu mai nauyi mai ɗaukar wuta a ƙarƙashinta.